Tsakiyar Buhu

A Kwoi aka haife ni, garin citta,
inda yaro ke riƙe wuƙa kafin ya riƙe alƙalami.
Kakata, Iya Liyatu, ba ta san baƙi ba.
Littafinta na naɗe cikin tsohon ɗankwali,
ni ke buɗe mata da dare, ina bin layi da yatsa,
ita tana tsaga citta, tana gyaɗa kai.

A lokacin na ɗauka biyayya lissafi ce:
in shiga majami'a kafin ƙararrawa ta biyu,
ushiri a ambulan, sunana a bayansa,
farar rigar mawaƙa ta sha guga,
muryata ta tashi har kwanon rufi ya amsa.
Duk na cika su. Ba wanda ya bi ni bashi.

Sai shekarar da farashi ya haura,
kuɗin jarrabawa kuma ya tsaya mini a ƙofa.
Cittar da muka shanya a kan dutse ba ta gama bushewa ba,
kasuwar Kachia kuwa ba ta jiran kowa.
Na zuba busasshiya a gindin buhu,
na zuba busasshiya a baki,
mai danshin, mai nauyin, na binne ta a tsakiya.
Na ɗinke, na wanke hannu,
na tafi koyon waƙar Lahadi.

Da na dawo, fitila na ci a tsakar gida.
Iya ta bugi buhun da tafi, ta kasa kunne.
Busasshiyar citta tana da baki, takan amsa ƙas-ƙas.
Nawa ya yi gum.

Ba ta ɗaga murya ba. Wuƙa ta miƙo mini.
"Farke."
Na ce, "Iya, Alhaji Hudu ai ba ya soka buhunmu."
Ta ce, "Shekara ashirin bai soka ba.
Kai ne za ka koya masa?
Kana tsammani a bakin buhu Ubangiji yake zama,
inda kowa ke leƙawa?
A tsakiya yake, ɗana, inda hannu ba ya kaiwa.
Ruɓa ma daga can take farawa."

Na farke ɗinkin da na yi da hannuna.
Ƙamshin ɗanyar citta ya cika gidan,
ya shiga idona, na bar shi ya zama dalilin hawayen.

Mun rasa kasuwar makon nan.
Ta sayar da jar akuyarta, mai ciki,
ba ta taɓa tayar da zancen ba har ta kwanta dama.

Sai daga baya na gane gonarta.
Wata bakwai citta na ƙarƙashin ƙasa da ciyawa,
ba mai yaba mata, ba mai ganin tana yin yatsu.
Ganyen da ke kaɗawa a sama
labarin ƙasa kawai yake bayarwa.
In saiwa ta ruɓe, ko ka shafa wa ganye kore,
kwana uku zai tona ka.

Yanzu ina Kakuri, ina tsaron ɗakin ajiyar magani.
Jiya aka kawo takarda, kwali ɗari, wai in sa hannu.
Na ƙirga sau biyu. Saba'in.
Wanda ya kawo ya yi murmushi, ya tambayi lafiyar yarana,
ya san kuɗin makarantarsu bai cika ba.

Ni ba jarumi ba ne.
Hannuna ya yi rawa, biro ya zame sau ɗaya.
Ba aya ce ta faɗo mini ba, ba kuma waƙa ba,
tafin tsohuwar nan na ji yana buga ƙirjina,
tana sauraro.

Na rubuta saba'in.
Ya karɓi takardarsa, ya fita ba sallama.
Ban san abin da Litinin za ta kawo ba.
A hanyar gida na tsaya wurin mai shayi,
na ce ya ƙara mini citta.